Ɗan Macijin Wuta a Gindin Tsamiya

A shekarun da kuɗin mai ya sa kayan waje suka cika kasuwar Wudil, baffana ya sayo wani jan filas na shayi. A jikinsa akwai zanen maciji mai ƙafafu da gemu, wuta na fita daga bakinsa. Mu yara mun fi kallon zanen a kan shan shayin.

A hutun damina yayana ya dawo daga kwalejin horon malamai da wani wasa da Baturen malaminsu ya koya musu. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki. In za ka yi faɗa ko ka haura katanga, sai ka jefa ɗan ludo, ɗigon da ya fito shi zai nuna ko ka yi nasara. A gindin tsamiyar bakin kogi muke zama bayan la'asar. Ni na zaɓi maharbi.

Ɗan baffana sa'ana ne. Tun yana rarrafe ya faɗa murhu, fatar wuyansa da ta hannunsa na dama suka tattare. Ba ya son shiga mutane, ko wanka a kogi da riga yake yi. Da yaya ya tambaye shi wanda zai zama a wasan, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni mutum ne, amma ubana wancan na jikin filas ne."

"To me ka iya?" in ji yaya.

"Wuta ba ta ci na, Yaya. Kuma jikina duk ɓawo ne, kibiya ba ta huda shi."

Yaya bai yi dariya ba, ya miƙa masa ɗan ludon.

Yaron da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa ya koma mai ruri, har masunta na waigowa. Wata rana a cikin labarin ya kori 'yan fashi daga wani gari, sarki ya ce ya faɗi abin da yake so. Ni ina ta raɗa masa ya ce doki. Shi kuwa cewa ya yi a bar shi ya zauna a kasuwa ya sha fura ba wanda ya tsaya kallonsa. Na ji haushi, na ce ya yi mana asarar doki. Sai da na girma na gane abin da ya roƙa.

Daga nan labarin ya koma neman ubansa macijin, wanda aka ce yana wani kogo a hayin ruwa. Mun iso mashigi ke nan hutu ya ƙare. Gwamnati na neman malamai ruwa a jallo, aka tura yaya koyarwa can nesa tun bai gama karatu ba. Ɗan baffana ya roƙe ni in karɓi ba da labarin. Na gwada, amma a bakina komai sai ya fito salam. Ya ce mu bari sai yaya ya dawo. Kafin yaya ya dawo, shi ya bi motar shanu zuwa Legas, can ya zauna.

Ba mu sake haɗuwa mu uku ba sai a sunan jikan yaya, duk mun yi furfura. Ana cikin cin abinci ɗan baffana ya matso ya ce, "Yaya, da mun tsallaka, me za mu tarar a kogon nan?"

Yaya ya daɗe yana tunani, sannan ya ce wallahi ya manta, wataƙila ma bai taɓa tsarawa ba. Ɗan baffana ya gyaɗa kai, ya ce ba komai. Ya wanke hannu, ya ce bari ya je tasha kada mota ta tashi ta bar shi.