Kocin da Ba Ya Ƙara Zagaye

Kullum da hantsi mai ban-ruwan filin wasa yana ganinsa a bakin layin tsere. Dogon dattijo ne, da usur a wuya, da agogon auna gudu a hannu. Koci kawai ake ce masa. Ranar gudun wuta, zagaye huɗu yake bayarwa. Ranar dogon zango kuwa, dole kowa ya bi a sannu. Ba ya taɓa haɗa biyun a rana ɗaya.

Yau 'yan tserensa sun gama na huɗu, ko hakin kirki ba sa yi.

"Koci, da sauran ƙarfinmu fa!"

Sai ya girgiza kai, ya tura agogon aljihu.

A kan benci wata matashiya na zaune da sandar dogarawa, tabon ɗinki ya ratsa agararta. Ƙirarta ta masu gudu ce, goshinta kuwa na Koci ne sak. Mai ban-ruwa bai taɓa tambaya ba.

"Baba, ƙara musu ɗaya mana," in ji ta. "Ɗaya ai ba komai."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙafarta.

"Ke ma ɗaya na ƙara miki."