Malama Ummulkulsum Fakku, Matar Sojan da Aka Ce Ya Ɓace

Nasaba da Karatu

An haifi Malama Ummulkulsum a garin Tambuwal cikin shekarar 1968, wadda ta yi daidai da 1388 bayan Hijira. Mahaifinta shi ne Malam Nu'umanu, limamin unguwa kuma masanin fiƙihu, mahaifiyarta kuwa Suwaiba, 'yar wani gidan malamai ce na Dogon Daji. A zauren mahaifinta ta fara karatun allo, ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku, sannan ta ɗora da littattafan fiƙihu da nahawu a hannunsa. Ta yi firamare daga 1975 zuwa 1981, amma ba ta wuce nan ba, domin tuni matan unguwa suka fara ɗaukar karatu a wajenta.

Aure

A shekarar 1986 aka ɗaura mata aure da Kamilu ɗan Ɗanmaliki, mutumin Fakku ta ƙasar Kebbe, ɗan manoma wanda ya shiga aikin soja. Shi ya gan ta a wata walimar sauka, ita kuma ta amince da shi tun kafin a tambaye ta. Sun zauna a bariki, inda Allah ya azurta su da Raihanatu a 1987 da Hafiza a 1990, shi kuma ya kai muƙamin kofur.

A daminar 1992 aka tura rundunarsu ƙasar Laberiya aikin kwantar da tarzoma. Kafin tafiyarsa ya mayar da ita Fakku wajen iyayensa, tana ɗauke da juna biyu. A ƙarshen wannan shekara ta haifi ɗa namiji, aka raɗa masa suna Sharifuddeen, kuma kafin a yi arba'in labari ya iso cewa Kofur Kamilu ya ɓace a fagen fama. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Shekarun Jira

Sau biyu ta yi tattaki zuwa barikin da suka zauna, ba ta samo komai ba face a ce ta koma gida za a neme ta. A 1997 mahaifinta ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa shari'a ta ba matar wanda ya ɓace damar kai ƙara ga alƙali, ta yi idda, ta sake aure. Ta san wannan hukunci sarai, domin ita ma tana karantar da shi, amma ta ƙi. Hujjarta ita ce, ba za ta yi wa rayayye takaba ba. Manema sun fito har daga Kebbe da Tambuwal, ta sallame su duka.

Surukinta Ɗanmaliki ya rasu a 2001 yana ambaton sunan ɗansa. Ita ta riƙe gonarsa ta gero da dawa, ta buɗe makarantar matan aure a cikin gidan, ta aurar da 'ya'yanta mata biyu ba tare da an san ko marayu ne ko masu uba ba. Masu zama da ita sun shaida cewa a waɗannan shekaru ta zama mai ƙarancin magana, kuma ba ta yarda a ce "marigayi" idan an ambaci mijinta.

Taron 'Yan Mazan Jiya

A watan Janairun 2022 tsofaffin sojojin yankin suka shirya taron tunawa da 'yan mazan jiya a wani fili a Tambuwal. Malama ta zo garin ne duba Hafiza da ke aure a can, Hafiza kuma ta matsa mata suka tafi kallo. An ware rumfa ta musamman ga matan sojojin da suka rasu, amma ta ƙi shiga, ta tsaya cikin sauran jama'a.

Babban baƙo shi ne Kanar Sambo Na'iya Jabo mai ritaya, wanda ƙirjinsa ke cike da lambobin yabo, mafi girmansu kuwa ya same ta ne saboda tsare wata gada da ya yi a Laberiya lokacin yana laftanar. Bayan fareti da busa, aka ba shi lasifika. Ya ba da labarin gadar cikin ƙwarewar wanda ya saba ba da shi, har ya zo kan wani kofur ɗan ƙasarsu, Kamilu mutumin Fakku, wanda harsashi ya same shi a wuya ya cika a kan cinyarsa, shi kuma ya rufe shi da hannunsa ƙarƙashin wata itaciyar roba. Jama'a suka yi kabbara, aka tafa masa.

Ta haka Malama ta ji mutuwar mijinta, daga bakin lasifika, bayan kusan shekara talatin. Da aka tashi, ta ratsa mutane har gaban motarsa ta gaishe shi.

"Ranka shi daɗe, ni ce matar Kamilu da ka ambata."

Kanar ya cire hularsa. "Allahu akbar! Baiwar Allah, ashe kina nan? Mijinki namiji ne. Duk taron da anka kira ni sai na ba da labarinai."

"Kowa ya ji, ban da mu. Mu, ce muna anka yi ya ɓace."

"Wallahi na ɗauka an hwaɗa muku. Wannan aikin ofis ne, ba nawa ba."

"Yaushe ka dawo Jabo da zama?"

"Tun da na aje aiki, a dubu biyu da takwas."

"Babur na zuwa Fakku daga Jabo, ranka shi daɗe." Sannan ta ce, "Kun yi mai salla?"

Kanar ya sunkuyar da kai. "Wuta anka yi muna ta ko'ina. Ba mu samu hali ba."

Ya kai hannu zai ɓalle ɗaya daga cikin lambobinsa ya ba ta. Ta ce ya bar abarsa, ta juya ta tafi.

Ƙarshen Rayuwa

Washegari ta koma Fakku ta shiga takaba tana da shekara hamsin da huɗu. Malamai sun gaya mata cewa iddarta ta wuce tun tuni, ba ta wajaba a kanta ba, ta ce ta sani. Aka shimfiɗa tabarmi aka karɓi gaisuwa, ko da yake mafi yawan waɗanda suka san Kamilu sun riga sun kwanta dama. Sau biyu Kanar Sambo ya aiko yana neman izinin zuwa ta'aziyya, ba ta ba da amsa ba. Bayan fitarta takaba ba ta sake zama a makarantarta ba, ta miƙa ta ga Raihanatu.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malama Ummulkulsum rasuwa a Fakku cikin watan Safar na 1446, daidai da Agustan 2024, bayan jinyar ciwon zuciya, aka kuma yi mata sutura a maƙabartar garin da hantsi. Ta bar 'ya'ya uku da jikoki goma sha ɗaya: Malama Raihanatu a Fakku, Hafiza a Tambuwal, da Malam Sharifuddeen, limami a Kebbe, wanda bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Shi ya ja sallar jana'izarta. Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan mijinta a inda yake kwance.