Hutun da na zama baƙon mahaifiyata

Shekarun baya, tun furfura ba ta sauko mini gemu ba, na yi wani hutun damina da har yau ban gama warkewa daga shi ba. Malamin makaranta ne ni a Cotonou, kuma kun san mu malamai, aljihu ba nauyi amma hutu Allah ya hore mana. Ana rufe makaranta na ɗaure jaka na yi arewa, da niyyar in kwana uku a Parakou wajen abokai, sannan in wuce Djougou wajen dangi.

Sai na fara gaya muku wani abu, in ba haka ba labarin ba zai shige ku ba. Ni ɗan fari ne. A gidanmu, gidan jikokin fataken goro, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta hira da shi. Kunya ce, kuma yabon mace ake yi da ita. Ana yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona a Parakou, ita ta riƙe ni har Allah ya yi mata rasuwa. In na je Djougou, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaida mahaifiyata, ta amsa tana kallon bango, sannan ta ce wa ƙanwata, "A ba mutumin nan ruwa." Shi ke nan an gama. Shekara arba'in ina "mutumin nan". Ƙato da ni, ga tumbi ga 'ya'ya uku, amma babu abin da nake so a duniya kamar in ji sunana a bakinta ko sau ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don na san dariya za a yi mini.

Shi ya sa kwana ukun Parakou ya zama tara. Ba daɗin garin ne ya riƙe ni ba. Majalisarmu ta bakin tasha ta watse: ɗaya ya rasu, biyu sun koma Najeriya, wani kuma ya yi arziki ya manta hanyar unguwa. Saura abokina ɗaya, direban taksi da ke jigila tsakanin Parakou da Djougou. Kullum in bi shi tasha, mu sha shayi, mu maimaita labaran da muka riga muka maimaita jiya. Ran na tara ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Bon, mushe malam, vakansin naka, hutun gaba ɗaya, a kan bencin nan zai ƙare? Doyar gidana dai ka gama da ita."

Na ce masa ina hutawa ne.

"Hutawa ko ɓuya? Ka je ka ga tsohuwa. Ni da nake wucewa ta ƙofar gidanku kullum na fi ka sanin halin da take ciki. Tsufa ya taɓa mata kai, mon frère. Gobe gaban mota naka ne."

Haka muka kama hanya ana yayyafi, an cusa mu kamar buhunan gawayi. Ƙanwata ce ta tare ni a zaure, ita ke jinyar tsohuwa tun da mahaifinmu ya rasu. Ta ce, "Yaya, kar ka ji haushi in ba ta gane ka ba, ko ni wani lokacin sai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce lokacin da take gane ni ma me na samu?

Na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba, na yi sallama. Sai na ji an ce, "Shigo mana, baƙo ba ya tsayawa a ƙofa." Na ɗaga kai. Mahaifiyata ce ke kallona, ido cikin ido, tana murmushi. Wallahi ran nan na fara sanin tana da wushirya.

"Daga ina baƙon namu?"

"Daga Cotonou, Inna."

"Cotonou! Ai ɗana yana can. Malami ne, babban malami. Ka san shi?"

Sai ta faɗi sunana. Cikakke, har da na mahaifina a haɗe. Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi magana, na yi mata alama da hannu ta yi shiru. Na ce, "Na san shi, Inna." Ta ja hannuna ta zaunar da ni a gefen tabarmarta, ta sa aka kawo sakwarar sabuwar doya, muka ci a kwano ɗaya, tana tura mini nama gabana.

Daga ranar na zama baƙon Cotonou. Kullum da safe sai in yi sallama, ta tambaye ni daga ina, mu sake sabon lale. Dangi na ta aiko a je a gaishe su. Na hau babur na je Bariénou wajen 'yan'uwan mahaifina, na je Pélébina wajen dangin Inna, amma ko'ina a tsaye nake shan ruwa, hankalina na kan tabarmar nan. Don abin da take gaya wa baƙo ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce ran da aka tafi da ni, ta ɗauki gatari kamar za ta itace, ta bi motar da ƙafa har bayan gari, ta zauna gindin kaɗanya ta yi kukanta, sannan ta yi itacen don kar a gane. Ta ce sau huɗu tana zuwa Parakou da sunan sayar da man kaɗe, ta tsaya nesa da ƙofar makarantarmu har a tashe mu.

"Wandonsa ya yage a gwiwa," in ji ta, "ga allura a ɗaure a bakin zanena, amma ina ni ina kiransa? Me za a ce da ni?"

Ina zaune ina gyaɗa kai kamar labarin wani ake ba ni. In na fito sai in shige bayan ɗaki in tsaya har idona ya bushe.

Kawuna, ƙanen Inna, shi ya fara ɓata mini wannan daɗi. Ya zo daga Pélébina duba ta, ya zauna ya ji hirarmu. Da na raka shi wajen babur ɗinsa ya ce, "Ɗana, abin nan da kake yi sata ce. Matar nan ta rufe cikinta shekara arba'in, kai kuma ka samu ƙofa a buɗe ka shiga kana kwasa. Da tana cikin hankalinta, za ta yarda ka ji wannan?" Na yi fushi, na ce masa ai kayana ne nake kwasa. Ya girgiza kai ya tada babur.

Maganar kawu zan iya haɗiye ta. Abin da ya gagare ni shi ne tambayar da Inna ta fara yi a sati na biyu. Tana cikin hira sai ta kama hannuna.

"Kai da ka san shi, gaya mini gaskiya. Me ya sa ba ya zuwa? Fushi yake da ni ko? Yana ganin ba na son shi?"

Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta ce, "A'a, fushi ne. Kuma yana da gaskiya." Ranar ko abinci ba ta ci ba. Washegari ta sake tambaya, jibi ma haka. Na ga ina zaune ina cin daɗin uwa, ita kuwa tana kukan ɗan da ya guje ta, alhali gwiwarsa na taɓa tata.

Ana saura kwana biyu in koma, bayan an sha koko, na tattaro duk ƙarfin halin da nake da shi. Na ce, "Inna, dube ni da kyau. Ni ne. Ban yi fushi ba, ga ni na zo." Na faɗi sunana, na faɗi na gwaggo, na nuna mata tabon da ke goshina.

Ta daɗe tana kallona. Na ga lokacin da ta gane ni, da idona na gani. Murmushin ya ɗauke, ta saki hannuna kamar ta taɓa tukunyar da ke kan wuta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Can ta kira ƙanwata da ƙaramar murya ta ce a ba mutumin nan ruwa. Na koma bakin ƙofa na zauna, ina lallashin kaina cewa ko ba komai yanzu ta san na zo.

Da safe na yi sallama.

"Shigo mana, baƙo. Daga ina?"

Ta manta. Duk abin da na sadaukar jiya, a banza na sadaukar da shi. Na ce daga Cotonou, ta yi murna, ta faɗi sunana, kafin rana ta ɗaga ta koma kan tambayarta. A nan na gane babu dabarar da za ta haɗa mu. In ta san ni ne, ba ni da uwa. In ina da uwa, ita ba ta da ɗa.

Ran tafiya abokina ya tsaya da mota a ƙofar gida yana danna oda. Na shiga sallama. Ta riƙe hannuna biyu, ta yi mini addu'ar hanya mai tsawo, sannan ta ce, "Don Allah in ka isa ka ce masa ya zo, ko sau ɗaya ne. Ba sai ya yi mini magana ba. Ya tsaya daga ƙofa ma ya isa."

Na ce, "Zan gaya masa, Inna."

Har muka isa Parakou abokina bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Kafin hutu na gaba ya zagayo aka kira ni a waya ana tsakar darasi, aka ce Inna ta cika.

Mutane kan so a ƙare irin wannan labari da darasi, ni kuwa ban samu wani na kirki ba. Ban tsine wa kunya ba, don ita ce mutuncin da matar nan ta sani, kuma ta biya shi da tsada fiye da ni. Ban kuma san ko kawu ne ke da gaskiya ba. Wata rana in ga sata na yi, wata rana in ga hakkina na karɓa. 'Yata ta fari dai ina kiran sunanta da ƙarfi har maƙwabta su ji, dangi na cewa Cotonou ta lalata ni, ban damu ba. Amma wannan bai rage komai ba. Ƙanwata ta ce har satin ƙarshe, duk wanda ya yi sallama sai Inna ta tambaye shi ko daga Cotonou yake. Kwana ashirin na yi a gabanta, muna ci a kwano ɗaya, kuma ta koma ga Allah tana ganin ban zo ba.