Mai Buroshi a Makabartar Erdington

Kafin ta taɓa kowane dutsen kabari, sai ta yi alamar gicciye, ta ce wa mai shi, "Gafara dai." Baba Nentawe na zaune gefen kabarin matarsa, yana kallon mai buroshin. Tsohuwar Baturiya ce, gajeriya, da jiƙaƙƙiyar jar hula. Ta durƙusa kan buhu tana kankare gansakukar da ta rufe sunan mamaci da buroshin haƙori, harafi bayan harafi.

Daga jin harshenta, jinin Ireland ce. Wataƙila kakanta take nema, cikin waɗanda suka ƙetaro teku zuwa nan Ingila neman aiki, suka mutu ba wanda ya kai labari gida.

Ɗanta na riƙe mata laima. "Mama, ya isa haka. Wa ma ya san shi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "An binne shi sau ɗaya. Ina raye ba za a binne shi na biyu ba."

Baba Nentawe ya tuna jikokinsa, da har yau sunan ƙauyensu ke gagarar bakinsu.

Da ruwa ya tsananta, sai ta ɗora buroshin kan dutsen da ta kankare rabi, don gobe ta san inda ta tsaya.