Layin Jan Ƙarfen Da Ya Katse Tafsiri

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da girman kaina ya katse wa wani tsohon malami tafsiri a Potiskum ba. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna, amma ana ta maganar tafiyarsa.

Ni ɗan maƙeran farfaru ne, masu ƙera awarwaro da zobba. A gidanmu, wanda ya iya jan ƙarfe har ya yi siriri kamar gashi, shi ne gwani. Da wannan tunanin na shiga shagon wani Bakano mai gyaran rediyo, tsohon soja da ya koyo aikin a wurin yaƙi. Ina da mata da ɗa a lokacin, ba yaro ba ne ni balle in ce ƙuruciya ce.

Malamin unguwarmu ya tsufa, muryarsa ta dushe. Mutane suka fara cewa bana a ba wani tafsirin azumi, tunda na baya ba sa ji. Maigidana ya ce zai haɗa masa lasifika mai aiki da batirin babbar mota. Allon cikinta da hannu muke yi: allo ne mai fallen jan ƙarfe a manne, a zana hanyoyin wuta da fenti, a tsoma a ruwan magani ya cinye duk inda babu fenti. Ni ya ba zanen, don hannuna ba ya rawa.

Ya nuna min da tsinke ya ce, "Waɗannan layukan biyu su ke kai wutar da ke ɗumama kwalaben da ke ƙara ƙarfin murya. Ka ba su faɗin ɗan yatsa."

"Maigida, ai za su yi muni."

"Kai ɗan maƙera, ba awarwaro na sa ka ba. Garken shanu ba ya bin hanyar tururuwa."

Na ce to. Yana tafiya Fika gaisuwar mutuwa, na zana su duka sirara, gwanin sha'awa. Na haɗa komai, na rufe akwatin kafin ya dawo. Da ya dawo muka gwada na ɗan lokaci, ta yi magana tangaran. Har a raina na ce maigida ya cika tsoro.

Ran ɗaya ga azumi bayan la'asar, malam ya fara, na can baya suna ta gyaɗa kai. Ba a yi nisa ba sai na ji ƙauri. Hayaƙi ya ɓullo, murya ta ɗauke. Bakin malam na motsi, ba mai ji. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To, dama mun faɗa!"

Maigida ya dube ni, na ce batir ne. Allah Ya yafe min, da azumi a bakina na yi ƙaryar nan. Sai malam ya dafa ni ya ce, "Ɗana, kada ka damu. In ƙarfe ya gaji, ni ma ai na gaji. Gobe sai a ba wani."

Maganar nan ta karya ni. A gaban jama'a na buɗe akwatin, na nuna layin da ya ƙone ya tsinke, na ce ni na ƙi bin umarni. Na roƙi dattawa kwana ɗaya tak.

Ana idar da asuba na buɗe shago. Na yanka falle uku, siriri da matsakaici da mai faɗi, na bi da wutar kwalaben ta kan kowanne ina taɓawa da bayan yatsa. Siririn ya ƙona ni, matsakaicin ya yi ɗumi, mai faɗin ko a jikinsa. Na sake zane, na farko ya lalace a ruwan magani, na sake wani. Maigida yana zaune yana kallo, bai sa min hannu ba. Da na gama ya juya allon ya ce, "Muni kam ya yi. Ɗauko mu tafi."

Ranar hannuna na kan akwatin har aka shafa fatiha, bai yi zafi ba. Malam ya sauke tafsirinsa da bakinsa a shekarar, kuma ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Saura ƙiris in raba shi da ita don a ce na iya zane.

Tun daga ranar, kafin in ja layi sai na tambayi nauyin da zai ɗauka. Wuta ba ta duba kyau, kuma aikin da ka rufe a akwati, wani bawan Allah ne zai jingina da shi.