Hannun Inna a Titin Alƙahira

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni malamin Larabci ne a wata Islamiyya a Damba, cikin Gusau, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, masu karatu sun san abin da hakan ke nufi a wajenmu. Ana yaye ni aka kai ni Tsafe wurin kakata. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je garin Kekun Waje, ta wajen Bungudu, gaishe ta, daga bakin ƙofa nake tsugunawa, ta amsa tana kallon gefe. Da ciwon idonta ya matsa, likita ya ce a gwada Masar, sai dangi suka ce ai ga mai Larabci a gida, ni zan raka ta.

Tun daga filin jirgi Alƙahira ta sauke mini girman kai. Larabcin da nake taƙama da shi, direban tasi ya saurara, ya yi dariya, ya ce kamar mai huɗuba. Gari ne da ba a ganin ƙarshensa, bene kan bene, ga kogin Nilu da na sha karantawa a littafi yana tafiya abinsa. Da kiran salla ya tashi ta ko'ina lokaci guda, sai da tsikar jikina ta tashi. Abu ɗaya ya ba ni haushi: ƙarti majiya ƙarfi riƙe da hannun iyayensu mata a bainar jama'a, wani har da sumbatar goshi. Na ce a raina mutanen nan ba su san ta-ido ba.

Washegari za mu asibiti, sai mun tsallaka wani titi mai faɗi, motocinsu kuwa ba su san tsayawa ba. Na yi gaba yadda muka saba, na bar tazara tsakaninmu, na kutsa na haye. Da na waiwaya sai na hango Inna a tsakiyar titi tana lalube, motoci na kauce mata. A nan na gane ashe inuwa kawai take gani, sawuna take bi, kunya ce ta hana ta gaya mini. Na tsaya ina kallo, ban koma ba. Wata tsohuwa mai sayar da burodi ce ta bar kayanta ta shiga ta kamo ta, ta danƙa hannun Inna a cikin nawa, tana zazzaga mini faɗa. Wannan Larabcin kam na gane shi sarai. Inna ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye hannun ba.

An yi aikin, Allah ya sa aka dace, yau da kanta take zura zare a allura. Har gobe in na tuna titin nan sai gabana ya faɗi. Ina kira ga 'yan fari irina: kunya adonmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma tsoho ba zai buɗe baki ya ce a riƙe shi ba, kai ne za ka lura ka matso.

Ranar da muka dawo muka sauka a Bungudu, babu kowa a hanya sai wani mai babur can nesa. Inna tana gani tangaran, amma ta tsaya a bakin titi, ta kau da kai gefe, ta miƙo mini hannu.