Malamin Dajin Da Na Hana Shiga Makarantarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, bayan la'asar, 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Baba malamin daji, na daɗe riƙe da wayar, don wata uku kana kwance ban taka ƙofar gidanka ba.

Shekara takwas kana zuwa makarantarmu kowace Alhamis, ba wanda ya sa ka. 'Yan aji ɗaya ba ka cika su da bayani. Sai ka kai su bakin gandun daji su shafa ɓawon itace, su murje ganye su shinshina. 'Yan aji uku kowa ka ba shi dashe ɗaya da gwangwanin ban ruwa. 'Yan aji shida ne kawai kake zaunarwa a bakin kwazazzabo, ka tambaye su abin da ya sa ƙasa ke zaizayewa inda aka sare itatuwa.

Da aka ba ni shugabancin makarantar, ina ji da karatuna, na ce wannan yawo ne. Na buga darasi guda, shafi biyu, na ce kowane aji ya haddace. A gaban malamai na faɗa maka ka daina zuwa, ko kujera ban ba ka ba.

Ka ce, "Malam, ɗan shekara shida bai san 'kare muhalli' ba. Bari ya fara son itacen tukuna."

Na ce, "Baba, nan fa makaranta ce."

Ka yi mini sallama ka fita.

Yara sun haddace tsaf. Amma kafin rani ya ƙare dashen bayan ajujuwa ya bushe, don ba yaron da ya san wanne ne nasa. Tun lokacin na gane na yi kuskure, girman kai ya hana ni faɗa. Sau biyu na hango ka a kasuwa na sauya hanya. Duk da haka, da iska ta kayar da itace a kan rufin ofishina, kai ka zo da zarto da sassafe, ka gama ka tafi kafin in iso.

A wurin zaman makoki mai ɗakinka, Inna, ta ce mini, "Har ya kwanta yana tambaya ko yaran suna ban ruwa."

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Inna da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashinka. Ni kuma, iyalan Baba, ina roƙonku gafarar da na kasa roƙonsa yana raye.